Wai babu yaƙin da ya halatta? Muhawarar zauren unguwa

Ɗan Jami'a: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina da maganar da nake so a tattauna, na kuma san za ta yi wa wasu ɗaci. Ni dai na tsaya a kan cewa babu wani yaƙi da ya halatta a wannan zamani. Ko wa ya fara, ko me aka yi maka, ranar da ka ɗauki makami ka riga ka faɗi. A 1930 Gandhi ya taka kusan kilomita 390 a ƙafa zuwa bakin teku don ya karya dokar gishiri ta Turawa, ko sanda ta duka ba ya riƙe da ita, a 1947 Ingila ta tattara nata ta bar Indiya. A Amurka baƙaƙen fata tare da Martin Luther King sun ƙaurace wa motocin haya na garin Montgomery kwana 381, har aka soke wariya a cikinsu. Wasu masu bincike biyu, Erica Chenoweth da Maria Stephan, sun tattara gwagwarmaya 323 daga 1900 zuwa 2006, suka tarar wadda aka yi ba makami ta ci nasara kashi 53 cikin 100, ta makami kuwa kashi 26. To wace hujja ta rage wa mai bindiga?

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam. Ƙanina, jiya da magariba aka tare yaron shagonmu da wuƙa a wajen Ɗan Agundi aka karɓe masa waya. Da kai ne, kashi 53 ɗin za ka karanto musu?

Ɗan Jami'a: Yaya, da ni ne miƙa wayar zan yi. Shi ma na san miƙawa ya yi, shi ya sa yau ya zo shago da ƙafarsa.

Ɗan Kwari: Ya miƙa kam. To in ba waya suka nema ba, ƙanwarka da ke tafe a bayanka suka ce ka bar musu fa?

Malam na Zaure: Ku saurara kaɗan. Ɗana, kada ka haramta abin da shari'a ba ta haramta ba. Gaskiya ne Manzon Allah (SAW) ya yi shekara 13 a Makka ana azabtar da sahabbansa, aka kashe Sumayya, aka ɗora wa Bilal dutse a rana, ba a ba su izinin ramawa ba. Amma daga baya izini ya sauka a Suratul Hajji, aya ta 39, ga waɗanda ake yaƙa saboda an zalunce su. Kuma ya inganta cewa wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ya yi shahada. Musulmi ba zai ce duk yaƙi haramun ne ba. Sai dai kai ma Alhaji kada ka yi saurin murna. Addinin da ya ba da izinin shi ne ya ce a Suratul Anfal, idan abokan gaba sun karkata ga zaman lafiya kai ma ka karkata. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, an karɓi sharuɗɗan da sai da ran Sayyadina Umar ya ɓaci, amma Alƙur'ani ya kira wannan sulhu buɗi bayyananne. Sayyadina Hasan da runduna a hannunsa ya sauka ya bar wa Mu'awiya mulki a shekara ta 41, don kada jinin Musulmi ya ci gaba da zuba.

Ɗan Jami'a: Allah ya gafarta Malam, to Habila fa? Cewa ya yi da ɗan'uwansa, ko ka miƙo hannu don ka kashe ni, ni ba zan miƙa nawa in kashe ka ba. Kuma shi ne abin yabo a ƙissar.

Malam na Zaure: Haka ne, tana cikin Suratul Ma'ida. Zan ma ƙara maka: lokacin fitinar da ta biyo bayan kisan Sayyadina Usman, manyan sahabbai irin su Sa'ad bin Abi Waƙƙas da Abdullahi bin Umar da Muhammad bin Maslama sun ajiye takubbansu sun ƙi shiga kowane ɓangare. Amma ka lura da abin da Habila ya yafe. Ransa ne, haƙƙinsa ne. Mutum yana da ikon yafe nasa, kuma in ya yafe ya yi babban aiki. Wanda ba ka da iko a kansa shi ne haƙƙin wanda aka ba ka amanarsa. Tambayar da yayanka ya yi maka ke nan. Mai gida ba zai yi haƙuri da ran iyalinsa ba, shugaba ba zai ce shi mai son zaman lafiya ne alhali talakawansa ake kwasa zuwa daji.

Malamin Tarihi: Wannan gardama fa kakanninmu sun yi ta, su a gaban bindiga mai ruwa suka yi tasu. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Turawa ƙarƙashin Kanar Morland suka shigo Kano, alhali Sarki Alu ya riga ya tafi Sakkwato. Da labari ya iske tawagarsa a hanyar dawowa, jama'a ta rabu. Waziri Ahmadu ya zaɓi faɗa, ya kwanta dama a Kwatarkwashi. Wambai Abbas ya taho da sauran mutane gida, Lugga ya naɗa shi sarki. A Sakkwato ma rabuwar aka yi. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira ya nufi gabas, aka bi shi har Burmi aka kashe shi a watan Yuli na shekarar, tare da ɗaruruwan mutanensa. Waziri Buhari kuwa ya zauna, ya nemi fatawar malamai, ya yarda da mu'amala da Turawa muddin za a bar wa jama'a addininsu. A 1906 mutanen Satiru suka tashi da gatari da fartanya, suka ci karon farko har suka kashe Turawa, aka dawo musu da igwa aka shafe garin, har yau kufai ne. A shekarar dai Sarkin Haɗeja Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, ya yi faɗa a cikin garinsa har aka kashe shi. To ku gaya min wa ya yi daidai. Yau Attahiru muke yi wa kirari, amma mafi yawan masu kirarin jikokin waɗanda suka bi Abbas da Buhari ne.

Ɗan Kwari: Ai da kowa ya yi irin na Attahiru, da Bature bai samu zaman shekara 57 a kanmu ba.

Malamin Tarihi: Ko kuma da duk garuruwanmu sun zama Satiru. Doki da lifidi da mashi a gaban bindigar da ke zubo harsashi ɗaruruwa a minti ɗaya, Alhaji, jarumta kaɗai ba ta isa.

Ɗan Jami'a: Yauwa Malam, ka kawo ni inda nake so. Waɗanda suka ɗauki makami a 1903 da 1906 sun ƙare, amma wa ya fitar da Turawa a 1960? Jarida da jam'iyya da taron siyasa. Ba sai mun je Indiya ba, ga gidan Mambayya nan a Gwammaja. Malam Aminu Kano da 'yan NEPU tun daga 1950 an ɗaure su, an yi musu bulala, an kori wasu daga garuruwansu, Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Ba su shiga daji ba. Kuma su ne suka cire wa talaka tsoron hakimi. In kuma ana ganin abin na Gandhi na Hindu ne, ai akwai Abdul Ghaffar Khan, Musulmi Bafashtune daga ƙabilar da aka sani da faɗa, wanda ya tara dubban mabiya suka yi rantsuwar ba za su rama duka ba. A Afrilun 1930 sojojin Ingila suka buɗe musu wuta a kasuwar Feshawar, suka tsaya ba su gudu ba, ba su rama ba. A Senegal Shehu Amadu Bamba, Faransawa suka kai shi Gabon a 1895, ya yi shekara 7 a can, bai ce wa almajiransa su ɗauki takobi ba, ga Tuba can ta zama birni.

Malamin Tarihi: Misalanka masu kyau ne, amma rabin kowanne ka faɗa. Malam Aminu da kake kafa hujja da shi kwamishina ne a gwamnatin Janar Gowon a daidai lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970. Bai ɗauki kansa wanda ba ya yarda da kowane yaƙi ba. Gandhi kuwa a 1940 ya rubuta wa mutanen Ingila buɗaɗɗiyar wasiƙa yana ba su shawara su ajiye makamai a gaban Hitila. Da sun bi ta, da yau wani tarihin muke koyarwa. Indiyar ma da ta samu 'yanci, rabuwarta da Pakistan ta ci ɗaruruwan dubban rayuka, shi kansa harbe shi aka yi a Janairun 1948. Sannan Mandela: jam'iyyarsa ta ANC ta yi kusan shekara 50 tana bin hanyar lumana, sai da 'yan sanda suka harbe mutum 69 a Sharpeville ranar 21 ga Maris 1960, aka haramta jam'iyyar, sannan a 1961 ya kafa reshen soja. A 1985, yana kurkuku, aka ce za a sake shi in ya yi tir da ɗaukar makami, ya ƙi. Hanyar lumana tana aiki ne inda mai mulki yake jin kunya, ko yake tsoron jarida, ko yake buƙatar ka yi masa aiki. Wanda burinsa ya ga bayanka gaba ɗaya, kamar a Ruwanda a 1994 inda aka kashe kusan mutum 800,000 cikin kwana 100 sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya suna gari ba su da izinin hanawa, zamanka a ƙasa sauƙaƙa masa aiki ne.

Baƙo daga Zamfara: Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba ni da karatunku. Ina zaune a Rijiyar Lemo ina turin kurar ruwa, bayan ina da gonata da shanun huɗata. Mu duka biyun da kuke magana mun gwada. Da sata ta yi yawa muka tara kuɗi muka kafa 'yan sa-kai, muka saya musu bindigogin gargajiya. Da farko mun ji daɗi. Daga baya sai ya zama duk Bafulatanin da aka gani a kasuwa ran cin kasuwa abin zargi ne, a kama shi a gaban mutane a gama da shi, ba alƙali ba shaida. Ƙannensa da 'ya'yansa suka shige daji, suka dawo da bindigar da ta fi tamu. Kun ji abin da ya faru a 'Yar Galadima a 2014, ana taron 'yan sa-kai aka zo aka kashe sama da mutum 100. To sai aka koma sulhu. A 2019 gwamnati ta yi nata, aka ɗan samu sauƙi, muka yi noma. Ba a jima ba sulhun ya zama haraji: ka biya kafin ka yi shuka, ka biya kafin ka yi girbi, ka kai musu mai da katin waya, in sun ga dama ku je ku nome musu gonarsu. Ran da muka kasa haɗa kuɗin, ran nan muka bar gari. Shi ya sa in na ji wani a birni yana cewa a yi faɗa kawai, ko a yi sulhu kawai, nakan san bai taɓa kwana a kan bishiya ba.

Malam na Zaure: Allah ya mayar da ku gidajenku cikin aminci, ɗan'uwa.

Ɗan Kwari: Amin. Ai ga shi nan. Gwamna Masari na Katsina ya yi sulhu da 'yan bindiga a 2016, ya sake a 2019, daga baya da bakinsa ya ce ba zai ƙara ba, har ya ce jama'a su nemi abin kare kansu. Sarki Sanusi ma a watan Nuwamba 2014 ya ce kada mutane su zauna jiran sojoji, su kare kansu daga Boko Haram. A Maiduguri wa ya fatattake su daga unguwanni a 2013? Kato da gora.

Anti Lauya: Alhaji, rabin maganar bawan Allahn nan ka ɗauka ka bar rabi. Cewa ya yi 'yan sa-kai ne suka hura wutar. Ni ban yarda da ƙanenmu ba cewa kare kai laifi ne. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkinmu ya yarda da amfani da ƙarfi daidai gwargwado don kare rai ko dukiya, haka ma sashe na 51 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ya bai wa ƙasa wannan haƙƙi. Matsalar ita ce ban taɓa jin wanda ya fara yaƙi ya ce shi ne azzalumin ba. Amurka ta shiga Iraƙi a 2003 da sunan makaman ƙare dangi, aka bincike ƙasar ba a same su ba. A 2011 aka shiga Libiya da sunan kare farar hula, rumbunan makaman Gaddafi suka fashe, suka watsu cikin Sahel. Saboda haka tambaya biyu ce, kada a haɗe su. Ta farko, kana da hujjar shiga? Ta biyu, da ka shiga, yaya kake yinsa? Mutum zai iya samun gaskiya a ta farko ya zama mai laifi a ta biyu. Ba wanda ke musun haƙƙin gwamnati na yaƙar 'yan bindiga, amma a daren 3 ga Disamba 2023 jirgin soja maras matuƙi ya jefa bam a taron Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, aka binne aƙalla mutum 85, da yawansu mata da yara. A Janairun 2017 jirgin yaƙi ya yi irin wannan a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, har da ma'aikatan agaji a cikin matattu. Yarjejeniyoyin Jeniba na 1949 don irin wannan aka yi su. Tun kafin su ma, Malam zai gyara min, Sayyadina Abubakar ya yi wa rundunarsa wasiyya kada su kashe mace ko yaro ko tsoho, kada su sare itace mai 'ya'ya, su ƙyale masu ibada a wuraren ibadarsu.

Malam na Zaure: Babu gyara, haka take.

Anti Lauya: Sannan Alhaji, in ban manta ba, da aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta yi barazanar shiga da soja, kai ne ka fi kowa ɗaga murya a nan zauren cewa ba mu yarda ba. Yau kuma ka zama sarkin yaƙi?

Ɗan Kwari: Hajiya Lauya, wannan daban. Rabin masu sayen atamfata daga Maraɗi da Damagaram suke zuwa, kakata ta wajen uwa ma can take. Da wa za mu yi faɗan? Rufe iyaka kaɗai sai da ya durƙusar da mu, motoci suka yi layi a Jibiya kaya na lalacewa. Allah ya saka wa Sarki Sanusi da malaman da suka je Yamai suka gana da Janar Tchiani.

Anti Lauya: To ka ga. Da yaƙin ya zo kan mutanen da ka san fuskarsu, sulhu ka zaɓa. Kowane yaƙi akwai mai kaka a ɗaya ɓangaren.

Malamin Tarihi: Akwai kuma abin da ba mu cika so a faɗa ba: yaƙi ko da gaskiya aka fara shi, yana sauya masu yinsa. Shehu Usmanu ya yi kusan shekara 30 yana wa'azi kafin a kai ga Tabkin Kwatto a 1804. Ba a yi nisa ba ƙaninsa Malam Abdullahi ya ga wasu sun koma neman ganima da sarauta, ransa ya ɓaci ya bar rundunar da niyyar tafiya gabas, a nan Kano jama'a suka riƙe shi ya zauna ya karantar da su. Shehu Laminu na Borno kuma ya yi ta musayar wasiƙu da Muhammadu Bello yana tambayar da wace hujja ake yaƙar mutanen da ke salla. In irin waɗannan bayin Allah sun tsaya tambayar kansu, ina ga ɗan sintirin da aka ba adda jiya?

Baba Tsohon Soja: Tun ɗazu nake sauraron ku. Ni na je Laberiya da ECOMOG, rundunar da ta fara sauka Monrobiya a watan Agusta 1990, daga baya na ga Saliyo. Ɗana, bari in fara da wanda zai yi maka daɗi. Duk wanda ka ji yana zumuɗin yaƙi bai taɓa jin warinsa ba. Yaran da muka tarar a shingayen hanya wasu ba su kai shekara 12 ba, bindigar ta kusa tsawonsu, an ɗura musu ƙwaya. In ya ɗaga ta, ko ka harba ko a kawo wa matarka kayanka a jaka. Ba malami ba lauya da zai tsaya kusa da kai a wannan lokacin. Wanda ya harba da abin yake dawowa gida a ƙirjinsa, na san abokan aiki da har suka rasu ba sa iya barci in an kashe fitila.

Ga wanda ba zai yi maka daɗi ba. A Saliyo 'yan tawayen RUF hannayen mutane suke sarewa, manya da yara. Wane zaman dirshan za ka yi wa mai sare hannu? Da suka shiga Firitawun a Janairun 1999, bindiga ce ta fitar da su, kuma 'yan Najeriya da yawa sun bar ransu a can.

Amma ku ji yadda na Laberiya ya ƙare. Mun yi shekaru muna harbi, yaƙi ya lafa aka yi zaɓe a 1997, ya sake tashi a 1999. A 2003 mata, Kirista da Musulmi, suka sa fararen kaya suka zauna a fili a Monrobiya, rana ta dake su ruwa ya dake su. Suka bi wakilai har Akra, suka tare ƙofar zauren taro suka ce ba mai fita sai an daidaita. Jagorarsu Leymah Gbowee ta samu kyautar Nobel a 2011. Sai dai a watan Agustan da aka sa hannu, sojojin Najeriya ne suka sake sauka filin jirgi, Charles Taylor ya bar mulki ya zo zaman gudun hijira Kalaba. Matan nan sun yi abin da bindigarmu ta kasa a shekara 13. Su kuma ba don akwai masu bindigar da za su tsaya tsakani ba, da yarjejeniyar takarda ce kawai. Ka ce in zaɓi ɗaya in jefar da ɗaya, ba zan iya ba.

Ɗan Jami'a: Allah ya ƙara girma, Baba. Amma ina so in koma kan maganar Malam, cewa mai ƙin ɗaukar makami kansa kaɗai zai iya yi wa haka, ba zai iya kare wani ba. A watan Yuni 2018 a ƙauyen Nghar na jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi, tsoho mai shekara sama da 80, ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa. Maharan suka zo da bindigogi, ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba su hanya, yana roƙonsu. Da bindiga ya fito da ita, da shi da su duka an gama da su. A Kaduna, Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye kowannensu ya jagoranci matasa masu faɗa, Faston ya rasa hannu, Imam ya rasa malaminsa da 'yan'uwa. Rayukan da suka ceta bayan sun ajiye faɗa suka koma sasanci a 1995 sun fi waɗanda suka kare da adda.

Malam na Zaure: Wannan hujja ce mai ƙarfi, ɗana, ban raina ta ba. Liman bai yafe haƙƙin kowa ba, jikinsa ya sa ya kare su, kuma abin da ya yi ya fi ɗaukar bindiga wuya. Amma maharan nan sun ji nauyin furfurarsa da masallacinsa. Waɗanda suka zo Babban Masallacin Juma'a na ƙofar gidan Sarki ranar 28 ga Nuwamba 2014 ba su ji nauyin komai ba, ana tayar da salla suka tayar da bam suka buɗe wuta, sama da mutum 100 suka rasu. Ka yi wa mutane wa'azin halin Liman, zan taya ka. Kada dai ka mayar da shi doka a kan wanda aka zo yanka.

Hajiya Nas: Ni ina bakin aiki ranar Juma'a 20 ga Janairu 2012, ranar da aka kashe sama da mutum 180 a garin nan. Gado ya ƙare muka koma shimfiɗa mutane a ƙasa. Ba zan ba da labarin daren nan ba. Abin da ya sa na yi magana, na ga inda zancen nan ya nufa: taron ranar Asabar na kafa 'yan sintirin unguwa. Ku tuna a watan Maris 2025 a Uromi ta jihar Edo aka tare mafarauta 'yan Kano suna hanyar dawowa gida sallah, aka kashe 16 aka ƙone su. Waɗanda suka tare su 'yan sintiri ne, su ma a ganinsu garinsu suke karewa. Mu nan muka haɗiye, ba a taɓa kowa a Sabon Gari ba, har gwamnan Edo ya zo ta'aziyya. Amma a unguwannin nan namu sau nawa ake kawo mana yaro an farfasa masa kai an ce ɓarawon waya ne, washegari mai wayar ya gan ta a aljihun wata rigar? Ni ba zan ba da ko sisi ba sai an rubuta a takarda cewa duk wanda aka kama, hannun 'yan sanda za a kai shi da ƙafarsa, ba duka.

Ɗan Kwari: Hajiya, a kai shi da safe, da la'asar ka gan shi a bakin layi yana nuna ka da yatsa.

Anti Lauya: To sai a bi shari'ar har kotu, ni zan tsaya kyauta. Matsalar ita ce ranar zaman kotu duk masu gora sai a neme su a rasa, ba mai zuwa shaida.

Baba Tsohon Soja: Zan zo taron, da sharaɗi uku. Ba adda ba wuƙa, gora da usur da fitila kawai. Duk mai shan wani abu ba ya ciki, ko ɗan waye. Kuma da asuba kowa ya ajiye gorarsa a zauren mai unguwa, ba mai tafiya da ita gida. Raba wa matasa makami abu ne na rana ɗaya, karɓe shi ne aiki, mun gani a Laberiya, ɗan'uwanmu na Zamfara ma ya gani. A gayyace shi taron, ya maimaita musu abin da ya faɗa mana.

Baƙo daga Zamfara: Zan zo, Baba, in na gama kai ruwan yamma.

Ɗan Kwari: Kai kuma Gandhin unguwa, za ka fito sintirin ko a ɗaki za ka yi mana addu'a?

Ɗan Jami'a: A rubuta sunana a daren Talata da na Alhamis. Fitila da usur zan riƙe, gora dai ba zan ɗauka ba.

Ɗan Kwari: Shi ke nan, a haɗa shi rukuni ɗaya da ni. Amma in an ji motsi a lungun makabarta, shi zai fara shiga ya haska.